Garayar da Na Gwada a Gida

Har yau idan bazara ta yi zafi, wajen azahar, garayar nan da ke rataye a ɗakina takan ce tas ita kaɗai. Na san dalili sarai. Fata ce take ɗamewa, itacen ya motsa. Ni na sassaƙa ta, ni na rufe ta, ba mai koya mini halinta. Amma sanin dalilin bai taɓa hana gabana faɗuwa ba. Jikokina sun sha cewa in ba su ita su yi wasa, ko in jefar, tunda ko tsirkiya ba ta da ita. Nakan ce su je su nemi abin yi.

Mu masassaƙa ne tun kakanni, a wata 'yar unguwar mafarauta tsakanin Ikara da Malikanchi. Turmi da akushi da kujerar mata su ke ciyar da mu, amma garaya ce ta fito da gidanmu, irin ta mafarauta mai tsirkiya biyu. Abin da zan faɗa ya faru ne a zamanin Turawa, a shekarun yaƙin nan da ake kwasar samari, wasu soja, wasu haƙar kuza a Jos. Lokacin Baba ya riga ya rasu, gizagonsa yana hannuna, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ba yaro ba ne ni, kada wani ya nema mini wannan uzurin.

Mu biyu ne maza a wajen Inna. Yayana bai taɓa son sassaƙa ba. Idan Baba ya ba shi turmi ya fafe, sai ya huda gindin, ya ce itacen ne ba kirki. Daji ya ɗauke shi tun yana saurayi, ya zama mafarauci na ji da gani, har makaɗin mafarauta na Kudan ya yi masa take. Wanda bai zauna da mafarauta ba zai ɗauka take kiɗa ne kawai. Kowane mafarauci da ya isa yana da nasa, kuma idan aka kaɗa masa ba ya iya zama. Na ga Yaya da loma a hannu an taɓa takensa daga nesa, lomar ta faɗi, jikinsa ya ɗauki tsuma, idonsa ya daina ganin mutanen da ke gabansa. Ba ya yi don a gani ba ne. Shi da kansa ya taɓa gaya mini ba ya sanin lokacin da yake miƙewa.

Wata shekara gyado, aladen dajin nan, ya farke masa cinyar hagu. A kan ƙyauren kara aka kawo shi gida, ya yi damina guda a kwance. Da ya tashi, ƙafar ta gajarce, yana jan ta. A nan Inna ta sa doka. Shi ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye, don haka ni ta kira ta ce in gaya wa "wancan" ya gama da daji. Ta sa aka kwance bakansa da kwarinsa aka cusa a ƙasan rumbunta. Ta kuma aika wa makaɗin Kudan da goro, da roƙon kada ya ƙara kaɗa taken nan inda kunnen Yaya zai kai. Makaɗin ya karɓa. Mafarautan unguwa ma suka taya ta, idan za su fita sai su zaga ta bayan fadama don kada su bi ta ƙofarmu. Kowa ya san abin da ake tsarewa. Mutum mai ƙafa ɗaya da rabi idan ya koma daji ba zai dawo ba.

Yaya ya zauna. Ya koyi tufkar igiya da saƙar zana, ya yi noman auduga yadda Turawa suke so, ya yi ƙiba har ina tsokanarsa da cewa saura rawani ya zama mai unguwa. Yakan yi dariya. Shekara uku muka yi a haka, har na fara ɗauka abin ya fita daga jikinsa.

Sai makaɗin Kudan ya aiko cewa garayarsa ta tsage, yana son sabuwa. Bai zo da kansa ba saboda alkawarin da ya yi wa Inna. Na ji daɗin aiken nan ƙwarai, domin na daɗe da ajiye wani gungumen alilliba da nake ji da shi. Da kaka na sare shi, na tsaga biyu, na rage shi da gatari, na cusa shi a rufin madafi ya sha hayaƙi shekara guda da 'yan watanni. Matata ta gaji da shi, ta ce kullum ƙura yake zubo mata a miya. Da na sauko da shi na ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya amsa da wata murya busasshiya mai tsawo, na san na samu.

Fafe cikin garaya ba aikin gaggawa ba ne. Da gizago ake farawa, a koma ƙaramin gizago, daga nan wuƙa ce kawai da haƙuri. Ba mu da abin awo. Babban yatsa a ciki, manuni a waje, haka kake bin bangon kana jin kaurinsa. Idan ya yi kauri garayar za ta yi gunguni, idan ya yi siriri rana ɗaya za ta tsaga shi. Kwana tara na yi ina fafewa a zaure, Yaya yana gefe yana tufka, yana ce mini akushin nan nawa ya yi tsawo, tuwon wa za a zuba a ciki. Da na gama na goge ciki da waje da ganyen baure mai kaushi har tafin hannuna ya yi ja.

Sai ado. Baba yana yin zanen da aka saba, layi-layi da 'yan kusurwoyi irin na bayan ƙwarya. Ni kuwa na ga wannan ta makaɗin mafarauta ce, bari in zana mata sawun namun daji a bayanta, daga gindi zuwa wuya. Ina da ƙarafa uku da maƙeri ya ƙera mini, mai tsini da mai faɗi da mai lanƙwasa. Akan sa su a garwashi su yi ja, a ɗora a kan itacen, hayaƙi ya tashi, zanen ya zauna baƙi. Kafin ƙarfe sai an fara tsaga hanyar da bakin wuƙa, domin abin da wuta ta rubuta ba ya gogewa. Na fara gwadawa a kan wani ɓallin itace, na yi sawun gada. Yaya ya leƙo ya ce wannan sawun akuyar Inna ce, kuma akuyar ma mai ciwon kofato.

Ya ajiye igiyarsa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini da yatsa. Ga gada tana tafiya, ga ta ta tsorata, kofaton ya buɗe. Ga gyado, wanda ya yi masa aika-aika, shi ma ya zana shi. Ga kura, ƙafar gaba ta fi ta baya girma. Ga damisa, ba a ganin farcenta a ƙasa. Kwana huɗu muna haka, shi yana zanawa a ƙasa ni ina ƙonawa a itace, yana nuna mini yadda ake gane sabon sawu da na jiya, da yadda nauyin dabba ke karkata idan ta ji ciwo. Tun da ya ji rauni ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Na yi murna a lokacin. Yanzu ina ganin tun a kwanakin nan ya kamata in ji tsoro.

Na tsara zanen yadda igiyoyin da za su ɗaure fatar da za a rufe ta da ita za su bi tsakanin sawu da sawu ba su rufe ko ɗaya ba. Na kwaɓa man kaɗe da baƙin rufin madafi na cusa a tsagogin wuƙa, na goge saura, sannan na dinga shafa man zalla ina murzawa da tsumma ina shanyawa a inuwa, sau bakwai, har itacen ya yi duhu yana sheƙi. Saura fata. Garaya fatar gada take so, ni kuma ba ni da mai kyau. Yaya ya shiga ɗakinsa ya fito da wata a naɗe, ya jefo mini. Ta gadar ƙarshe ce da ya harba kafin gyado. Na jiƙa ta, na kankare gashin da toka, na shimfiɗa ta da danshinta a bakin itacen, na tsaga inda gorar wuya za ta ratsa, na zura gorar, na ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ina zagayawa don kada gefe ya fi gefe. Kwana uku ta bushe. Da na ɗan buga ta da yatsa, sai da matata ta leƙo daga madafi.

Baba ya bar mana doka ɗaya a kan garaya. Ba a ɗaura mata tsirkiya a cikin gida. Akan ɗauke ta a buhu a kai ta ƙarƙashin wata ɗorawa can bayan fadama, inda ba gida kusa, a can a ɗaura, a kafa jaki, wato ɗan karan da ke ɗaga tsirkiya daga kan fata, a gwada. Kuma ko a can ba a gwadawa da taken kowa, sai kiɗan banza wanda ba shi da mai shi. Da ina yaro na ɗauka saboda iskoki ne. Baba bai taɓa ba da dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Dalilin kuwa a fili yake. A unguwar mafarauta duk abin da yatsa zai taɓa mai daɗi yana da mai shi, kuma mai shi yana bayan zana.

A makon nan damisa ta dami Fulanin da ke da ruga gabas da mu, tana ɗauke musu maruƙa. Mafarauta sun fita nemanta wajen duwatsu kwana biyu da suka wuce, ta bayan fadama kamar kullum. Yaya ya sani. Ranar kuma ranar kai auduga ce, ya ce zai bi maƙwabta da jakinsa. Da safe na ga jakin ya fita da kaya. Ban ga wanda ke kora shi ba, ban kuma tambaya ba. Ashe ƙafar ce ta tashi masa, ya ba maƙwabcinmu jakin, shi ya kwanta a inuwar rumbu.

Da hantsi ina zaure, garaya a cinyata, tsirkiyoyi biyu da na murza suna gefe. Ɗorawar nan da nisa, rana ta fara zafi, hannuna kuma yana ƙaiƙayi. Na ce a raina ai mafarautan duk suna daji, wanda ya rage ya tafi kasuwa, wa zai ji. Na ɗaura. Na kafa jaki, na ja zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a wuya har muryar ta hau. Na taɓa sau ɗaya. Wallahi ban taɓa yin garaya irinta ba, kafin ta ko bayanta. Muryar ta cika zauren ta fita ƙofa. Na fara da kiɗan banza yadda Baba ya koya mana, amma garaya irin wannan ba ta son kiɗan banza, kuma taken da na fi sani a duniya, wanda na taso ina ji ana yi wa gidanmu, shi ne na Yaya. Ban yanke shawara ba. Na dai ji shi yana fita daga yatsuna, na kuma ji daɗinsa, ban tsaya ba.

Inuwa ce ta fara faɗo mini a ƙafa. Na ɗaga kai, ga shi tsaye a ƙofar da ke shiga cikin gida, ba riga, tsokar kafaɗarsa tana rawa. Na dafe tsirkiyar da tafin hannu.

Ya ce, "Ƙarasa mana."

Na ce, "Yaya, gwaji ne kawai."

"Na sani. Ƙarasa."

Na ƙarasa. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da nake rubuta shi. Mutane sun ɗauka kuskure ne na 'yan bugu biyu uku. A'a. Wana ya ce in ƙarasa, ban saba musa masa ba, kuma wani abu a cikina yana son ya ji yadda fatar da ya ba ni ta yi murya. Na kaɗa taken har ƙarshe. Bai yi kirari ba, bai yi ihu ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙaramin gatarina da ke jingine, ya fita yana jan ƙafa. Ko bakansa bai nema ba.

Ban riƙe shi ba. Ba a riƙe mai tsuma, haka muka taso muka gani. Na ce zai kai bakin gona jikinsa ya yi sanyi ya dawo, mu haɗa baki mu ɓoye wa Inna. Na zauna ina jira da garaya a cinya har aka kira azahar. Sannan na tashi na bi shi.

Sawunsa ba wuyar ganewa, shi ya koya mini. Dama cikakkiya, hagu tana jan yatsa. Na bi ta cikin gonakin dawa da aka girbe, na tsallaka busasshen rafi, na ga inda ya durƙusa ya tona yashi ya sha ruwa. Daga nan takun ya ƙara faɗi, mutumin da ke ɗingishi a tsakar gida ya koma sauri. Wajen la'asar sawun ya hau wani falalen dutse. Na zaga dutsen sau uku ina duba inda ya sauka, ban gani ba. Mafarautan da na tarar a gaba sun rantse ba su gan shi ba. Kwana shida muka yi muna nema, mu da su da Fulanin. Ba gawa, ba jini, ba gatari. Damisar ma ba a same ta ba, ta daina zuwa kawai.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ashe tana tsakar gida lokacin da na kaɗa, ta ji. Ta ci gaba da zuba mini tuwo kamar da, wannan ya fi mini duka ciwo. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Matar Yaya kuma ta rasa matsayinta, ba ta shiga takaba ba tunda ba gawa, ba ta kuma da miji. Sai labarai suka fara zuwa. Wani fatake ya ce ya ga mai ɗingishi cikin waɗanda aka tara za a kai haƙar kuza. Wani ya ce a tashar jirgi ya gan shi. Wani ya ce ai ya ji kunyar Inna ne ya sa ya ƙi dawowa. Duk wanda ya kawo irin wannan magana Inna takan ba shi fura.

Bayan kamar wata biyu ta kira ni ɗakinta. Garayar tana nan, ban aika wa makaɗin Kudan ba, shi ma bai aiko nema ba. Ta ce in ɗauko ta. Na ce na yi niyyar ƙona ta.

Ta ce, "Ba za ka ƙona ba. Abin da ya fitar da shi, shi zai dawo da shi. In yana da rai ba zai ji ya zauna ba. Ka bi kasuwanni."

Haka na yi sauran ranin nan. Ranar kasuwar Ikara ina Ikara, ranar ta Makarfi ina Makarfi, na je Kudan, na je Likoro, na je tashar jirgi na tsaya inda ake loda mutane. Ni da ban taɓa kiɗa a gaban jama'a ba, sai ga ni a bakin kasuwa ina kaɗa take ɗaya ina maimaitawa. Waɗanda ba su sani ba suka ɗauka maroƙi ne mara wayo, waɗanda suka sani sukan kau da kai. A Kudan makaɗin ya zo ya tsaya ya saurara, ya karɓi garayar ya juya bayanta ya daɗe yana bin sawun nan da yatsa, ya miƙo mini ya tafi. Ina kaɗawa idona yana kan ƙafafun mutane. Duk mai ɗingishi da ya gifta sai in ɗaga kai in dubi fuskarsa. Ban san ƙasar nan tana da guragu da yawa haka ba sai a ranin nan. Kowace dawowa Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ta dubi bayana, ta mayar da kai kan mazarinta.

Da bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta ce saura wuri ɗaya. Ta ce in kai ta dutsen. Tsohuwa ce, tafiyar ta ci mana tun safe har rana ta take. Ta zauna a gefen falalen, ta ce in hau inda sawun ya ƙare in kaɗa, kada in rage komai. Na hau. Dutsen yana ƙona tafin ƙafata. Na kaɗa taken daga farko har ƙarshe, muryar tana dukan duwatsu tana dawowa. Ta ce in sake. Na sake. Sau uku. Muka yi shiru muna saurare. Ba abin da ya motsa sai wasu 'yan tsuntsaye.

Sai ta kira sunansa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na waiga ina neman wanda ya yi maganar. Sau ɗaya ta kira, ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran wanda ke ɗaki na kusa. Ta ɗan jira. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce mu koma, a gaya wa malam da matar Yaya, gobe a yi masa sadaka.

A kan dutsen na yanke tsirkiyoyin da wuƙata. Na ci gaba da sassaƙa turmi da akushi shekaru masu yawa, na kuma yi wasu garayu da aka matsa mini, kowace na kai ta ƙarƙashin ɗorawa. Wannan kuwa tana nan a bango, bayanta a waje, sawun da ya zana mini suna hawa daga gindi zuwa wuya. Duk shekara nakan sauko da ita in shafa mata man kaɗe don kada ta tsage. Idan ta ce tas da rana, har yanzu ƙofa nake fara dubawa.